Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumomin Inshorar Lafiya: Ku Sa Mai Jinya Cikin Lissafi

Zuwa ga Shugaban Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, da shugabannin hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohinmu.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto muku ne a kan wata mata da ba ta cikin takardunku, alhali kusan duk marar lafiyan da kuke biya wa magani a hannunta yake kwana yake tashi. Ita ce mai jinya. Wani lokaci uwa ce, wani lokaci matar gida, ko 'ya, ko suruka, ko ƙanwar da aurenta ya mutu ta dawo gida aka ce to ga wadda za ta zauna da Baba. Ni malamar makaranta ce, ina cikin waɗanda ake cire wa kuɗin taimakekeniya daga albashi, kuma na yi jinyar mahaifiyata bayan da ɓarin jikinta ya shanye. Roƙona guda ne: ku ɗauki matar nan a matsayin wadda lafiyarta ke wuyanku, ku rubuta sunanta, ku riƙa duba ta, ku ware abin da zai sa ta samu ta huta.

Duk wanda ya taɓa kwanan asibiti a ƙasar nan ya san yadda aikin yake a rabe. Likita ya zo zagaye da safe ya yi rubutu, nas ta yi allura ta ɗaura ƙarin ruwa. Sauran kuwa na mai jinya ne. Ita za ta yanki kati, ta bi layin biyan kuɗi, ta kai jini ɗakin gwaji, ta koma karɓo sakamako, ta fita waje neman maganin da aka ce babu, ta yi ta buga waya neman wanda zai ba da jini. Ita za ta yi wa marar lafiya wanka, ta zubar da fo, ta ba shi abinci, ta zuba wa robar ƙarin ruwa ido kada ya ƙare ba a sani ba. Da dare ta shimfiɗa tabarma a gefen gado ko a baranda. Ba laifin ma'aikatan jinya nake gani ba, sun yi kaɗan, kuma kullum ƙara ficewa suke yi zuwa ƙasashen waje. Abin da nake so ku gani shi ne asibitocinmu ba za su kai yamma suna aiki ba in babu waɗannan masu tabarma. A ɗakin maza akan ga ɗa ko ƙane ya kwana, wannan gaskiya ne, Allah ya saka musu. Amma ranar da aka ba da sallama aka koma gida, maza sun koma kasuwa da ofis, jinya ta zama ta mace.

A gidan ne kuma ainihin wahalar take, domin can babu nas ko ɗaya. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye ana so a juya shi duk bayan awa biyu, dare da rana, don kada kwanciya ta ci masa baya da ɗuwawu ta zama gyambo. Ku lissafa da kanku, barcin awa nawa mai wannan aiki za ta yi a jere? Ƙarfe biyun dare, babu wuta, ta kafa fitilar waya a jikin bango, ta zura hannu ɗaya ƙarƙashin kafaɗa ɗaya ƙarƙashin ƙugu, ta ja dattijuwar da ta fi ta nauyi. Ta taɓa zani ta ji ya jiƙe. Ta sauya, ta goge, ta shafa mai, ta jiƙa zanin a bokiti saboda kuɗin famfas ya ƙare tun tsakiyar wata. Kafin ta gyangyaɗa an kira assalatu. Da safe kunu ne cokali-cokali, a tayar da ita zaune a tokare da matashi, a jira ta haɗiye kafin a ƙara, don in ta ƙware abincin na iya bi ta huhu. Abin da lafiyayye zai shanye cikin minti biyar sai ya ci rabin awa. Sannan ga yara za su tafi makaranta, ga tukunya, ga maigida, ga baƙi 'yan dubiya da su ma sai an kawo musu ruwa.

Wannan na shanyewar jiki ne kawai. Akwai uwar mai sikila, wadda da sanyi ya shigo hankalinta ya tashi, ta kwana tana gasa wa yaro gaɓoɓi yana ihu. Kuma ana ƙiyasta cewa jarirai kusan 150,000 ake haifa da wannan ciwo a Najeriya duk shekara. Akwai matar mai ciwon ƙoda da ke raka miji wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, kowane zama kusan awa huɗu. Akwai mai riƙe da tsohon da ya ruɗe, yana fita tsakar dare, yana zarginta da satar masa kuɗi, ya manta ita ce 'yar da ya haifa. Akwai mai goyon yaro ɗan shekara goma da bai taɓa zama da kansa ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2018 cewa mata ne ke yin kashi 76 cikin 100 na lokacin da ake ɓatawa a aikin kula da mutane ba tare da biya ba, wato fiye da ninki uku na abin da maza ke yi. Wannan lissafin duniya ne baki ɗaya. Mu da muka san gidajenmu ba ma buƙatar a gaya mana inda namu ya karkata.

To me ke faruwa da ita bayan wata shida, bayan shekara, bayan shekara uku?

Jiki magayi. Baya ya riƙe saboda ɗaga mutum ba bisa ƙa'ida ba. Ciwon kai ya zama abokin zama, ta aika yaro kemis ya sayo mata na hamsin ko na ɗari ta haɗiya ta ci gaba. Jininta yana hawa ba ta sani ba, ko ta sani amma kuɗin nata maganin ya tafi wurin na marar lafiya. Barci ya ƙaurace ko da ta samu sarari. Ta daina zuwa biki, ta daina zuwa islamiyya, ƙawaye suka zo sau ɗaya sau biyu suka ɗauke ƙafa. In tana sana'a, ƙosai ne ko ɗinki ko kitso, jarin ya narke, adashe ya gagare ta. In ma'aikaciya ce, ga takardar gargaɗi a ofis. In abin ya yi tsanani sai a cire babbar 'yarta daga makaranta ta kama mata, shi ke nan an yi asarar biyu. Daga nan sai abin da ba a son faɗa: wata rana ta daka wa marar lafiya tsawa, ko ta fizge shi da ƙarfi, sannan ta shiga banɗaki ta yi ta kuka tana ganin ta zama la'ananniya. Mata da yawa sun gaya mini wannan a ɓoye, muryarsu ƙasa-ƙasa. Ba mugunta ba ce. Mutum ne aka yi ta ɗiba ba a mayar masa da komai ba har ya ƙare. Likitoci sun daɗe da sanin cewa masu doguwar jinya sun fi sauran mutane faɗawa ciwon damuwa da fargaba, musamman masu kula da wanda ƙwaƙwalwarsa ta taɓu.

Kuma ba za ta taɓa cewa ta gaji ba. Wa za ta faɗa wa? Mai dubiya ya shigo ya ce ya mai jiki, ta ce da sauƙi. Ya ce sannu da jinya, Allah ya ba da lada, ta ce amin. In ta kuskura ta ce jikina fa ba daɗi, amsar a shirye take: ki yi haƙuri, Aljannarki kike nema. Na yi imani da ladan, ban taɓa shakka ba. Amma na ga yadda ake amfani da kalmar haƙuri a rufe bakin mace don kada sauran dangi su ɗauki rabonsu na ɗawainiya.

Za ku ce wannan matsalar iyali ce, ina ruwan hukumar inshora? Ruwanku ne ta fuskar kuɗi ma tun kafin a zo ga tausayi. Ranar da mai jinya ta kasa, ranar ake fara tsallake magani, a daina juya marar lafiya, a daina kai shi gashin ƙashi. Bayan 'yan makonni a dawo muku da shi da gyambo har ƙashi, ko ciwon huhu, ko suga ya hau ya suma. Kwanciyar mako uku a asibiti da wankin gyambo kullum ta ninka kuɗin da za a kashe a koya wa matar yadda ake juyi, a kuma leƙa ta gida sau ɗaya a mako. Wani lokaci kuma ita ce ake kawowa, jininta ya buge ta, gida ya koma da majinyata biyu. Na ga hakan a unguwarmu: wata baiwar Allah ta shekara da shekaru tana jinyar miji, aka wayi gari ita ta riga shi. Rigakafi ya fi magani, ku ne kuka fi kowa faɗin haka.

Kuma doka ta ba ku dama. Dokar da aka sa wa hannu a watan Mayu na 2022, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar inshorar lafiya ta NHIS, ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa, ta kuma kafa asusun marasa galihu domin ƙananan yara, masu juna biyu, tsofaffi, masu buƙata ta musamman da matalauta. Kafin ita, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, kuma kusan rabin wannan kuɗi ta hannunku yake bi zuwa jihohi. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta kawar da ta 1958 da muka gada daga Turawa. Ku duba jerin mutanen da asusun marasa galihu ya ambata. Kusan kowanensu ba ya iya zuwa asibiti sai an kai shi, ba ya shan magani sai an ba shi. An rubuta su duka, an bar wadda ke kai su.

Abu na farko da nake roƙo ba ya cin ko sisi. Duk wanda aka gano yana da doguwar cuta, a buɗe gurbi a fayil ɗinsa a rubuta wace ce ke jinyarsa, da lambar wayarta. Da zarar sunanta ya shiga, kun san adadinsu, kun san inda suke. Sannan duk ranar da ta kawo shi ganin likita, ita ma a ɗaura mata abin awon jini, a tambaye ta ko tana barci, ko tana cin abinci, ko akwai mai karɓarta, ko ranta yana yawan ɓaci ba dalili. Minti biyar ne. Tana nan tsaye a gaban likita dama, riƙe da jaka da takardu, ba sai an nemo ta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsarin da take koyar da ma'aikatan ƙananan asibitoci gano ciwon damuwa, kuma an yi amfani da shi a ƙasar nan. In an ga alama a tura ta inda ya dace, kuɗin ya fito daga inshora. Idan marar lafiya yana cikin asusun marasa galihu, a sa mai jinyarsa tare da shi kai tsaye. Gidan da jinya ta daɗe a cikinsa ya riga ya talauce, ba sai an aika wani ya je ya tantance ba.

Na biyu, koyarwa kafin sallama. Ranar da aka sallame mu daga wani asibiti, takardar magani aka miƙo mini da ranar dawowa. Yadda ake ɗaga mutum ba tare da an karya baya ba, yadda ake ba wanda haɗiya ke yi wa wuya abinci, yadda ake kula da robar fitsari, alamar da in an gani a garzayo, duk a hannun wata maƙwabciya tsohuwar ma'aikaciyar asibiti na koya. Ba kowa ke da irin wannan maƙwabciya ba. Nas ba za ta tsaya koyarwa ba matuƙar ba a lissafa shi cikin aikin da ake biyan asibiti dominsa. Ku sa masa farashi kamar yadda kuka sa wa allura da ɗinki. A Amurka, tun daga farkon 2024 inshorar tsofaffi ta Medicare ta fara biyan ma'aikatan lafiya kuɗin koyar da masu jinya 'yan uwa. A yi shi da Hausa, da Fulatanci, da Barbarci, a kuma naɗi murya a tura ta waya, don yawancin matan da nake magana a kansu sun fi gane abin da suka ji a kan abin da aka rubuta.

Na uku shi ne wanda ya fi tsaya mini a rai, wato hutu. Mai jinya ba kuɗi ta fi buƙata ba a wasu lokutan, wuni guda take nema da za ta miƙa amanar ga wadda ta yarda da ita, ta yi barci, ta je nata asibitin, ta gai da 'yan uwa. A Jamus, tun 1995 suke da inshorar doguwar jinya, kuma a cikinta ana biyan wanda zai riƙe marar lafiya na wasu makonni a shekara domin mai jinya ta huta, har ana zuba mata kuɗin fansho na lokacin da ta ɓata. Japan ta kafa tata a shekarar 2000. Na san aljihunmu ba nasu ba ne. Amma muna da abin da za mu fara da shi. 'Yan matan da suka gama makarantun koyon aikin lafiya suna nan zaune a unguwanni ba aiki. Akwai matan shirin CHIPS da hukumar lafiya a matakin farko ta ƙaddamar a 2018, waɗanda dama gida-gida suke shiga kuma an san su. A horar da su, a biya su ta asibitin unguwa, kowacce a ba ta gidaje kaɗan: ta leƙa sau ɗaya a mako ta duba gyambo, ta auna jinin mutum biyun, sannan sau ɗaya ko biyu a wata ta wuni. Mace ce za ta shiga wurin mace, babu maigidan da zai ce an keta masa gida.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da ke cinye ƙarfin mace a banza. Mai hawan jini ko suga ko farfaɗiya da jikinsa ya daidaita, me ya sa sai an kinkimo shi cikin adaidaita sahu duk wata don karɓar maganin da bai sauya ba? A ba da na wata uku, ko a bar mai jinya ta karɓa a asibitin da ya fi kusa. Lambar izinin da ake jira kafin a tura mutum babban asibiti, a daina barin mace zaune kan benci tun safe har la'asar saboda ita. Gashi, keken marasa lafiya, katifar da ke hana gyambo, a waiwaye su in an zo sabunta jerin abin da inshora ke biya.

Sai batun waɗanda katin ma'aikaci yake ɗauka. A tsarin ma'aikatan tarayya, ma'aikaci ne da abokin aure ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Wanda ya wuce haka sai an biya masa daban. Wannan ma'auni bai yi kama da gidajenmu ba. Wanda ya fi kowa buƙatar asibiti a gidan Bahaushe shi ne tsoho ko tsohuwa, kuma su ne a waje. Yaro mai sikila ko mai lalurar ƙwaƙwalwa ranar da ya cika 18 ciwonsa bai san ya cika ba, amma katinsa ya mutu, nauyin ya dawo kan uwarsa. Ku sassauta kuɗin ƙara iyaye, ku ɗage iyakar shekaru ga mai lalurar da ba ta warkewa. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin magani daga aljihun mutane yake fita, duk wanda kati bai ɗauka ba, ɗan kunnen wata mata ne ko akuyarta za a sayar.

Na san za a ce babu kuɗi, kuma waɗanda ke cikin inshora har yanzu wajen mutum ɗaya ne cikin goma, a bari a shigar da jama'a tukuna. Ina ganin akasin haka ne. Mutane ba sa shiga saboda ba su ga abin da za ta tsinana musu ba. Ranar da matan unguwa suka ga ma'aikaciya tana shiga gidan Hajiya duk mako da kati ɗaya, ba sai kun yi talla a rediyo ba. Kun kuma nuna cewa in kun sa abu a gaba ana yi: a 2024 kuka fara biya wa mata aikin yoyon fitsari kyauta, da tiyatar haihuwa ta gaggawa ga marasa ƙarfi. Waɗannan matan ma a da ba wanda ke lissafa su.

Wasu kuma za su ce biyan wata ta riƙe maka uwa abin kunya ne, al'adar Turawa ce, jinya ibada ce ba a sa mata farashi. Ina so malamanmu su taya ku amsa wannan a kan mumbari. Lokacin yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan Hijira, Sayyidina Usman ɗan Affan bai fita ba saboda matarsa Nana Ruƙayya, 'yar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tana kwance ba lafiya. Annabi ya bar shi ya zauna jinyarta, aka ba shi ladan wanda ya halarci yaƙin, aka kuma ware masa kasonsa na ganima. Namiji ne ya yi jinyar, kuma ba a ce masa lada ya ishe shi ba, an haɗa masa da rabo. Biyayyar iyaye da aka yi mana umarni da ita ba a keɓe ta ga 'ya'ya mata ba, balle matan 'ya'ya. In hukumominku za su zauna da malamai da masu unguwanni a kan rajista, kamar yadda kuka saba, ku sa wannan magana a ciki, don 'yan uwa maza su san turo kuɗi ta waya bai sauke musu kwana ba.

Ba na neman a yi duka a dare ɗaya. Kowace jiha ta zaɓi ƙaramar hukuma ɗaya ko biyu, ta fara da masu shanyewar jiki da iyayen masu sikila, a rubuta sunayen masu jinya, a auna jininsu, a tura musu mai leƙawa, bayan shekara a ƙirga mutum nawa aka sake kwantarwa a kwatanta da inda ba a yi ba. A fito da sakamakon fili kowa ya gani. Kuma duk lokacin da za ku zauna sake duba abin da inshora ke biya, ku ajiye kujera ga matan da suka yi wannan aiki da hannunsu, ku biya musu kuɗin mota, ku samo wadda za ta riƙe musu marar lafiya a ranar, in ba haka ba ba za su iya zuwa ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 29 ga Oktoba ta kowace shekara, tun 2023, a matsayin ranar kula da tallafa wa masu ɗawainiyar mutane. Ina roƙon kafin ta sake zagayowa ku sanar da mu wace jiha ce ta fara, kuma a wace ƙaramar hukuma.

Allah ya taimake ku a kan amanar da ke hannunku, ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

Wassalam.

Taku,
Wata malamar makaranta daga Kano